Feshi Ɗari da Ashirin

Da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin aka shigo da Bana Kasonde, wato uwar Kasonde, asibitin cocin da ke bayan kasuwa a Kitwe, maza biyu na riƙe da ita. Leɓɓanta sun yi duhu. Duk numfashin da ta ja sai ya fito da ƙara kamar ana busa usur. Hannunta na dama a dunƙule yake kan maganin shaƙarta mai jan kai. Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin a sa mata robar iska.

Nsama Chilufya, mai ba da magani, ita ta ɗauke shi daga ƙasa. Ta dubi 'yar tagar da ke nuna sauran feshi. Sifiri. Ta dubi takardar da ke manne a jikinsa. Rubutun hannunta ne, na kwana goma sha biyu da suka wuce. Feshi ɗari da ashirin ne a ciki ranar da ta miƙa shi. Biyu da safe, biyu da yamma, wata guda ke nan cif.

"Ga ta nan!" Kasonde ne, ɗan tsohuwar, ƙato mai aikin ramin tagulla. Ya so ya yi ihu amma muryar ta ƙi, ta fito a dishe kamar ana jan buhu a siminti. "Fanko take ba mutane, ta sayar da mai kyau a gari. Kwana uku uwata tana fesa iska!"

Layin marasa lafiya ya juyo gaba ɗaya. Sista Chibesa, shugabar asibitin, ta fito daga ofis tana gyara tabarau. Ba ta tambayi Nsama komai ba. Ta miƙa hannu.

"Makullan."

"Sista, a dai duba tukuna."

"Jami'in gunduma zai duba ranar Laraba. Makullan, yarinya. Ki tafi gida."

Nsama ta ciro makullan ɗakin maganin daga aljihu ta ajiye a tafin hannun, a gaban mutum arba'in. Shekara uku tana tsaye a tagar ba da maganin nan. Ta jure zagin masu gaggawa, ta jure watannin da kantar magani ke zama wayam sai ta yi ta ba mutane haƙuri kan abin da ba laifinta ba, ta jure kalmar "yarinya" daga bakin waɗanda ba su iya karanta rabin abin da ta karanta ba. In aka rubuta "ɓarauniya" kusa da sunanta ranar Laraba, an karɓe lasisinta, ba mai sake ba ta ko share ɗakin magani. Ba ta tafi gida ba. Ta zauna a kan benci cikin farar rigarta, maganin a hannu.

Ƙarfe goma Sajan Jere ya iso, domin Kasonde ya kai ƙara caji ofis. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, saura shekara ɗaya ya ajiye aiki. Mutumin Gabashin ƙasar ne, waɗanda ake tsokana da cin ɓera, abokin wasan ƙabilar Nsama ta Bemba, saboda haka da ya ji sunanta sai ya saki ajiyar zuciya.

"Chilufya. To ai an gama bincike. Ku Bemba ko a coci sai an ƙirga kujeru bayan kun fita."

"Ba Sajan," ta ce, da "Ba" ɗin da suke sa wa suna don girmamawa, "ka karya kuwa? Ko ɓeran bai shiga tarko ba yau?"

Ya yi 'yar dariya ya zauna da ƙyar. "Ki yi mini bayani kamar ina aji ɗaya. Me ya bambanta wannan da shuɗin da na saba gani?"

"Shuɗin na gaggawa ne, ya buɗe ƙirji ya tafi. Wannan magani biyu ne a haɗe. Ɗaya yana buɗe hanyar iska, ɗaya yana kwantar da kumburin ciki. Kullum ake shaƙa, ko lafiya ko ba lafiya. In aka daina, kwana biyu uku ciwon ya dawo da ƙarfinsa."

"Za ki iya ba ta fanko?"

"A cikin leda yake zuwa a like. A gaban mai shi nake yagawa, in fesa biyu a iska ya gani. Ka tambaye ta."

"In kuma daga kamfani ya zo a haka?"

"Lambar tagar tana sauka ne in an danna. Wani ya danna shi sau ɗari da ashirin."

Ya karɓa ya girgiza kusa da kunnensa. "Ai akwai abu a ciki. Ina jin motsi."

"Ruwan da ke tura maganin ne. Shi ba ya ƙarewa da wuri. Zai yi ta feshi har mako, ba ko ɗigon magani. Abin da ta yi ta shaƙa ke nan."

Sajan ya daɗe yana kallon abin. "Doka ta ce ki zauna nan in je in dawo. Gwiwata ta ce ki zo ki riƙe mini jaka."

Suka fara da tsohuwar. An jingina ta da filo, numfashin ya ɗan daidaita. Nsama ta durƙusa gefen gado, domin ita ce ta fara zargi. Watan jiya ma maganin ya ƙare mako guda kafin lokaci, ta ɗauka tsohuwar ce ke ƙarawa.

"Mayo," ta ce, wato Mama, "sannu. Sau nawa kike fesawa?"

"Biyu kafin in tafi addu'ar safe. Biyu ƙarfe shida na yamma. Yadda kika ce."

"Ko sau ɗaya ba ki ƙara ba? Yuni ne, lokacin sanyinmu, ba zan yi faɗa ba."

"Na haifi bakwai ban taɓa ƙara gishiri a kan yadda aka koya mini ba. Sai maganinki?"

"A gabanki ta buɗe shi?" in ji Sajan.

"Ta yaga ledar, ta fesa biyu. Har na ce mata tana ɓarna."

"Buɗe bakinki, Mayo." Nsama ta haska da fitilar wayarta. Harshe ja, tas. "Kina kurkure baki bayan kin shaƙa?"

"Kullum. In tofar."

"Kin taɓa ara wa wani? Matan zumuntarku fa?"

"Bana Lombe kaɗai ke da asma a cikinmu. Ita kuma ta ce mai jan kai na waɗanda suka kusa mutuwa ne, ko taɓa shi ba ta yi."

"Ina kike ajiye shi?"

"A gwangwanin biskit, cikin farin hankici, a kan durowa. A ɗakina."

A waje Sajan ya jingina da bango. "Me kike nema a bakinta?"

"Wanda ya sha feshi tamanin da wani abu cikin kwana tara. In ita ce, da hannunta yana rawa. Ka ga yana rawa?"

"A'a."

"To mu je gidan."

Suka hau ƙaramar bas zuwa unguwar Chamboli. Kwandasta ya ƙi karɓar kuɗin Sajan, ya karɓi na Nsama. Gidan ɗaki biyu ne da falo, kwano ya yi tsatsa. A tsakar gida suka tarar da Mwaba, matar Kasonde, tana kankare kaskon da take soya fanke. Idanunta sun kumbura. Dangin miji sun riga sun yi mata waya, wata ƙanwarsa ta ce ai an san wanda ya gaji da tsohuwa a gida.

"Ke kike gyara ɗakin surukarki?" Sajan ya tambaya.

Ta kalle shi kamar ya zage ta. "Ni? Ba Sajan, a garinku ba a koya wa mata komai kafin aure? Shekara huɗu ban taɓa tsallake bakin ƙofar nan ba. Abinci ma a nan nake durƙusawa in ajiye."

"Ƙarfe nawa kike fita?"

"Biyar. Ina tasha har azahar. Ka tambayi duk direban da ke cin bashin fankena."

"Wa ke shiga ɗakin?" in ji Nsama.

"Ita da ɗanta. Shi ke kai mata kaskon gawayi da yamma ɗakin ya yi ɗumi, shi ke fitar da toka da safe. An hana ta taɓa toka."

Nsama ta rufe ido na ɗan lokaci. Sau biyar ta ce kada a sake kai gawayi ɗakin matar nan. Ta bar maganar, ba ita ta kawo ta ba.

"Yaushe yake fitar da tokar?"

"Bayan ta tafi coci. Daga nan ya wuce aiki."

"Ya dawo?"

"Huɗu. Ya kai wuta, ya yi wanka."

Sajan ya shiga ɗakin ya fito da gwangwanin biskit. Nsama ta warware hankicin a rana. Fari ne, an goge shi, amma a tsakiya akwai tabo baƙi-baƙi guda uku. Ta shinshina. Ba man gyaɗa ba ne. Ta ciro maganin ta cire murfin, ta sa tsinken tsintsiya cikin ƴan ramukan gefensa. Ƙura ta fito, mai laushi, toka-toka da ɗan kore. Ta shafa a bayan hannunta ta nuna wa Sajan. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan ƙurar, ya ga an wanke ta daga wuyan riga.

"Mwaba, mijinki yana waƙa a coci, ko?"

"Shi ke jan maza. Amma wata guda ke nan bai yi ba. Mura ta kama masa murya ta ƙi saki."

"Yana tari?"

Mwaba ta ci gaba da kankare kasko.

"'Yar'uwa, ni ma yau an kira ni ɓarauniya. Yana tari?"

"Da asuba," ta ce a hankali. "Sai ya fita bayan gida ya yi, kada uwar ta ji. Ya ce in na faɗa wa wani..." Ta ajiye kaskon. "Tuwon nshima ma yanzu sai ya huce yake ci. Ya ce baki na yi masa zafi."

"Yaushe za a yi musu gwajin lafiya na aiki?"

"Ƙarshen watan nan."

A cikin bas Sajan bai yi wasa ba. Sai da suka kusa sauka ya ce, "Kin san abin da zai biyo baya in likitansu ya ji ƙirjin nan."

"Na sani."

"Mutum shida ke ci a hannunsa."

"Ni ma akwai masu ci a hannuna, Ba Sajan. Ba wanda ya ƙirga su da safe."

Ƙarfe uku suka tarar da Kasonde a bakin ɗakin da uwarsa ke kwance, ya haɗa kai da gwiwa. Sajan ya kira shi ofishin Sista Chibesa, ya rufe ƙofa. Nsama ta ƙi zama.

"Ba Kasonde, kai ka ce kwana uku tana fesa iska. Wa ya gaya maka kwana uku ne?"

"Kwana uku tana fama."

"To. Miƙo hannayenka."

"Don me?"

"Miƙa," in ji Sajan.

Ya miƙa. Manyan yatsun suna kaɗawa kamar ganye. Ya yi sauri ya dunƙule su.

"Buɗe bakinka."

"Ni ba majinyaci ba ne. Sista, yarinyar nan ita ake tuhuma, ko ni?"

"In babu komai, buɗe," Sista ta ce, ba tare da ta kalli Nsama ba.

Ya buɗe. Harshen da cikin kumatun duk sun yi fari-fari kamar an yayyafa madarar da ta tsinke. Sista ta matso ta gani, ta koma kujerarta.

Nsama ta ajiye maganin da hankicin a kan tebur.

"Mayo tana fesawa biyar da rabi, ta tafi coci. Kai ka shiga fitar da toka, ka sa shi a aljihu. Ka sauka rami da shi. Ƙarfe huɗu ka dawo da wuta, ka mayar cikin hankici. Kafin shida yana nan kamar ba a taɓa ba. Ga man inji a hankicin, ga ƙurar rami a murfin. Matarka ba ta shiga ɗakin, uwarka ba ta taɓa sauka rami ba."

Kasonde ya kafe hankicin da ido.

"Kana shan sa kamar shuɗin. Duk sanda ƙirji ya riƙe, ka danna. Sau goma a yini, ko fiye. Rabin da ke buɗe ƙirji shi ya sa hannunka rawa. Ɗaya rabin kuma, wanda ya shaƙa bai kurkure baki ba sai ya kwanta a maƙogwaro, ya dishe murya, ya yi wannan farin. Duk wanda na ba maganin nan da hannuna na gaya masa haka, sai ya maimaita mini kafin ya bar taga. Mutum ɗaya ne zai yi wannan kuskuren: wanda bai taɓa tsayawa a tagata ba."

"Na girgiza shi," Kasonde ya ce. Muryar ta kusa ɓacewa. "Kullum sai na girgiza kafin in mayar. Ina jin ruwa a ciki. Na rantse ina ji. Na ɗauka da saura."

"Ba ka ga tagar ba?"

"Na ɗauka lambar kamfani ce."

Sajan ya shafa gwiwarsa. "To da ka gane, sai ka zo wurina ka kai ƙarar wata."

"Na ga uwata a ƙasa. Ƙannena suna ta waya, wa ya yi, wa ya yi." Ya juyo wurin Nsama, ya sauka daga kujera ya durƙusa, ƙato guda. "Ba Nsama. In na yanki kati a nan, labari zai kai. Duk wanda aka rubuta wa asma ba ya sake sauka. Na ga yadda aka yi da mutum uku. Ki taimake ni. A ce daga kamfani ya zo a lalace. Ba wanda zai cutu."

Sista Chibesa ta gyara murya. "Wannan ma hanya ce. Sai a rubuta an samu matsala a kaya, a rufe magana. Kowa ya huta."

Nsama ta dube ta. Ƙafafunta na ciwo, tun jiya da yamma ba ta sa komai a ciki ba.

"In aka rubuta haka, za a janye duk wanda muka bayar daga wannan kwalin. Mutum goma sha tara ne. Su shaƙi me kafin a kawo wani? Kuma a kasuwa ba za a ce kamfani ba, Sista. Za a ce an rufa wa yarinyar asiri. Ba zan sa hannu ba."

"Ke dai taurin kai."

"Shi ya kawo ni nan. Tashi, Ba Kasonde, ban haife ka ba. Ba ni zan kai ka wurin aikinku ba, ba aikina ba ne. Amma sunana ba zai biya maka ba."

Aka ji an turo ƙofa. Bana Kasonde ce, ta dafa bango, robar iska na reto a wuyanta. Bangon ofishin katako ne, ta ji komai.

"Ni na ba shi," ta ce. "Ba Sajan, ka rubuta. Ni na ce ya riƙa ɗauka."

Kowa a ɗakin ya san ƙarya ce. Sajan ya dubi littafinsa, ya dubi tsohuwar, ya mayar da biro aljihu.

"In mai kaya ta ce kyauta ce, ba ni da ɓarawo. Saura ƙarar ƙarya. Wannan kuma na Chilufya ne. Me kike so?"

"A inda ya faɗa, a nan zai janye. Da shi da wadda ta karɓi makullan."

Layin yamma bai kai na safe ba, amma akwai masu sayar da tumatir biyu a ciki, ya isa labari ya kai kasuwa. Kasonde ya tsaya a tsakiya ya ce ya yi wa mai ba da magani ƙazafi, maganin cikakke ta bayar, a gida ya ƙare. Ba a ji shi sosai ba, sai da Sajan ya maimaita da ƙarfi. Sista Chibesa ta ce an samu rashin fahimta, ta miƙo makullan tana kallon agogon bango. Nsama ta san iyakar abin da za ta samu ke nan. Ta karɓa.

Ta buɗe ɗakin magani. Mai jan kai guda ɗaya ya rage a kan kanta, motar kaya kuma sai wata ya kama. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauko, ta tsinke igiyar katin shaidarta, ta nufi gadon tsohuwar. Kasonde na tsaye a gefe, numfashinsa na fita da ɗan usur, idonsa a kan ledar.

Ta yaga, ta fesa biyu a iska, ta ɗaure shi da igiyar ta rataya wa Bana Kasonde a wuya.

"Coci, kasuwa, banɗaki, da shi. Ko wa ya roƙa."

Tsohuwar ta dubi ɗanta. Hannunta ya tashi zuwa igiyar.

"Mayo," in ji Nsama. "In kika raba shi biyu, ku duka za a kawo mini."

Hannun ya koma kan bargo.

"Ni fa?" Kasonde ya ce.

"Likita yana nan har biyar. Ƙofa ta biyu. Sai da kati ake shiga."

Ya tsaya. Ya dubi ƙofar fita, inda bas ɗin Chamboli ke kiran fasinja. Ya dubi uwarsa. Sannan ya ja ƙafa zuwa teburin yankan kati, ya sunkuya, magatakarda ta ce ya ɗaga murya ba ta jin sunan.

Nsama ta koma taga ta ɗage labulen. Saura mutum goma sha ɗaya.

"Na gaba," ta ce.